Littafin da Lawali Ya Ƙi Sumbata

Bana shekara goma sha uku ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Isiyaka, Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. A duk tsawon shekarun nan ban taɓa rubuta ko layi ɗaya a kansa ba, alhali na rubuta ta'aziyyar mutanen da ko gaisuwar kirki ba ta taɓa haɗa mu ba. Ba rashin abin faɗa ba ne. Alkawari na yi masa yana kwance, alkawarin ya ɗaure mini baki, na yi ta haɗiye magana har ta zame mini ciwo. A makon jiya, ranar da muka yi masa sadakar shekara, alkawarin ya kwance da kansa. Saboda haka mai karatu ya yi haƙuri, wannan waiwayen ba irin mai sanyin nan ba ne da ake rufewa da a yafe wa juna. Da zafina na zauna rubuta shi.

Garinmu yana tsakanin Gummi da Bukkuyum. Sunansa zan bar shi a cikina, don kowa ya san halin da dazukanmu suke ciki, kuma ba duk mai karanta jarida ne mutumin kirki ba. A gidanmu akwai wani ɗaki a ƙarƙashin ƙasa, mu rami muke ce masa. Kakan Baba ne ya sassaƙe shi cikin marmara, bayan wata gobara da ta cinye rabin garin ta haɗa da littattafan malaminsa. Bakin ramin yana cikin ɗakin Baba, a ƙarƙashin buzun da yake salla a kai. In ka ɗaga buzun ka janye murfin katako, sai ka sauka da baya, a durƙushe, har ka isa wani fili da bai fi zauren talaka ba. A nan randuna suke jere bisa duwatsu, an zagaye gindin kowace da toka saboda gara, an toshe bakinta da faifai da yumɓu. Cikin randunan gafakoki ne na fata, cikin gafakokin kuma warƙoƙi, rubutun hannun mutanen da wasunsu sun mutu tun kafin zuwan Turawa: fiƙihu, tauhidi, amsoshin tambayoyin da aka aiko wa kakanninmu, da waƙoƙin wa'azi cikin ajamin Hausa da na Fulatanci.

Ramin yana da doka biyu. Ta farko, baƙo ba ya sauka. Baba ya sha karɓar baƙi, malaman jami'a, ma'aikatan gwamnati masu son sa gidanmu cikin wuraren yawon buɗe ido, har da wata Baturiya da ta zo da kyamara rataye a wuya, ta iya gaisuwa da Hausa har da durƙusawa. Duk zai shimfiɗa musu tabarma a zaure, mahaifiyata Inna ta dama musu fura da nonon da Fulanin bayan gari suke kawo mata, a sha a yi raha, amma buzu ba zai ɗagu ba.

"Wanda yaz zo karatu, in hiddo mashi littahin da shika so, ya zamna nan gabana ya karanta, in shina so ya kwahe," haka yake ce musu. "Wanda yaz zo kallo kuwa, ya tahi kasuwar Gummi, can ad da abin kallo. Numhwashin mutum ma ruwa na, ku ba ku sani ba."

Doka ta biyu, ba a zubar da ruwa a bayan ɗakin Malam. Wani ɗan lungu ne tsakanin ɗakin da katangar gida, an daɓe shi, an karkata shi, an juya indararo yana kai ruwan sama wani gefe, domin rufin ramin ya miƙa har ƙarƙashinsa. Ba wanki, ba wanke-wanke, ko alwala ce Baba sai ya zagaya bakin rijiya. Yara da baƙin gida ana ce musu aljanu ne a wurin, kuma wannan ƙaryar ta yi aikin da gaskiya ba za ta yi ba. Har manyan gari ba sa leƙa lungun. Akuya ma in ta shiga sai an yi ta gardamar wanda zai koro ta.

Sau ɗaya a shekara, in damina ta ɗauke an gama yankan gero, sai a yi abin da muke kira shan iska. A fito da gafakokin, a baza warƙoƙi a inuwar zaure, ban da rana, a juya su ɗaya bayan ɗaya da busasshen hannu, a zubar da tsohon ganyen dogon yaro a sa sabo, a sake toka. Littattafan nan ba ɗinki gare su ba, warƙa warƙa suke, in suka hargitse sai wanda ya san karatun ne zai iya mayar da kowace gurbinta. Ni ce 'yar fari, sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa Uwani yake kirana. Ƙannena maza ba su rayu ba. Na tashi ina taya shi wannan aiki har na san randunan kamar yadda na san tukwanen Inna. Amma al'adar gidan ta ce namiji ke riƙon rami, don haka Baba ya ɗora ransa a kan Lawali.

Lawali ɗan ƙanen Baba ne. Ubansa ya rasu yana rarrafe, aka kawo shi gidanmu, Inna ta goya shi, kwano ɗaya muka ci tuwo. Da ya kawo ƙarfi Baba ya kama hannunsa ya saukar da shi ramin, ya nuna masa komai, ya ɗaga fitila ya haska masa rufin, ya gaya masa babu wani aljani a lungu, randunan gabas ne a ƙarƙashinsa. Ina wurin. Ina so mai karatu ya riƙe wannan da kyau, domin in wani ya ce Lawali bai sani ba, to ni da kunnena na ji sanda aka sanar da shi.

Sai zinari ya zo. Wanda ya zauna yankin Anka da Bukkuyum a shekarun nan ba ya buƙatar in ba shi labari. Samari suka ajiye fartanya suka ɗauki diga, injin niƙan hatsi ya koma niƙan dutse, turmin daka ya koma na farfasa tsakuwa a tsakar gida. Daga baya yara suka fara mutuwa a Yargalma da Tungar Daji da sauran ƙauyuka, likitoci suka ce gubar dalma ce da ke cikin garin dutsen. Masu gari suka hana shigo da dutse cikin gida. Mai hankali ya bari, marar hankali ya shiga neman inda ido ba zai gan shi ba.

A ƙarshen daminar wannan shekarar na ɗauko Baba da Inna zuwa gidana a Gummi, inda nake koyarwa a firamare, don a cire masa yanar ido. Ya jima yana karatu da ka, sai dai ya shafa warƙa da yatsa. Aka bar wa Lawali gida. Shi kuma ya duba garin kaf bai ga wurin da ya kai lungun nan ɓuya ba, wurin da kakanninsa suka yi shekara da shekaru suna tsorata mutane da shi. Ya fasa daɓen, ya haƙa kwatami, ya shimfiɗa kafet ɗin tare zinari, ya yi ta tuttula jarkokin ruwa yana wanke garin dutse. Kafin mu dawo ya cike kwatamin, ya sake daɓe, ya share tas.

Aikin ido ya yi kyau. A hanyar komawa gida Baba yana ta karanta rubutun jikin manyan motoci yana dariya, yana cewa bana shi zai jera warƙoƙi da kansa. Ranar shan iska na riga shi sauka. Wari na fara ji, irin na tsohuwar rijiya. Rufin gabas ya rufto, ya farfasa randunan wannan ɓangaren, laka ta kwanta a kansu har ta fara bushewa. Lakar kuwa ba ja ba ce irin ta ƙasarmu, toka-toka ce, mai laushi. Baba ya sauko bayana, ya karɓi fitilar, ya daɗe yana kallo da sababbin idanunsa. Ya sa hannu ya ciro gafaka ɗaya, fatar ta saɓule, abin da ke ciki ya fito dunƙule guda kamar tubali. Littafin wa'azi ne da mahaifinsa ya rubuta da hannunsa, wanda da shi ya koya mini ajami.

"Uwani," ya ce, "da an bar ni da makantata."

Da muka fito sai ya kira Lawali ɗaki. Ina bakin ƙofa. Lawali bai yi musu ba, bai kuma ba da haƙuri ba. Cewa ya yi, "Baffa, takardu na hwa. In Allah ya ba ni sa'a in tahi Sakkwato in sawo maka sabbi, masu bango, waɗanda sunka hi waɗanga kyawo." Da ya fita waje kuwa sai ya gaya wa mutane ruwan sama ne ya yi ɓarna, ramin ya tsufa, shi ma Malam ya tsufa bai kula da indararo ba. Gari ya yarda, don an yi ruwa sosai a shekarar. Aka riƙa zuwa yi wa Baba jaje, ana ba shi shawarar yadda ake gyaran indararo, yana cewa ya gode.

Watannin da suka rage masa a duniya a kan lakar nan ya ƙarar da su. Mu biyu muka kwashe ta a buhuna, sannan wani magini ɗan dangi ya sake rufin. Kullum da hantsi zai zauna da wuƙar fiƙe alƙalami da gashin kaza yana ƙoƙarin raba warƙa da warƙa, hannunsa cikin garin dutsen da ya kashe 'ya'yan mutane, wani lokaci har ya lashi yatsa bisa sabo. Na hana, na yi faɗa, na yi kuka, bai ji ba. Abin da ya ceto kaɗan ne. Wanda ya lalace ya kai maƙabarta ya binne da mutunci, sai dunƙulen mahaifinsa kaɗai ya kasa rabuwa da shi, ya naɗe shi a farin ƙyalle ya mayar rami. Daga nan ciwon ciki ya kama shi, hannu ya fara rawa, ya rame. Babu likitan da ya ce mini dalma ce ta kashe shi, mutum ne mai shekaru, kwanansa kuma ya ƙare. Amma ni 'yarsa ce ba likita ba, kuma na san abin da na gani.

Da ciwo ya yi tsanani ya kira ni kusa. "Ni na yahe mashi nawa haƙƙi," ya ce. "Na waɗanda sunka rubuta, ba ni da ikon yahewa, shi da su. Amma ke ki yi mani alkawali ba ki hwaɗi ma kowa da bakinki. Ɗan ƙanena na, Innarki tag goya shi. In mai gari yaj ji, korar shi za a yi."

Na ce, "Baba, in shi yah hwaɗi da bakinai hwa?"

Ya yi ɗan murmushi. "Lawali? To, ranar nan kin huta."

Ina jin ya ɗauka ranar ba za ta taɓa zuwa ba. Ni kuwa daga wannan zaman na fara jiranta.

Bayan rasuwarsa dattawan dangi suka ce rami ya zauna hannun Inna amana, har Lawali ya natsu ya karɓa. Inna ba ta iya sauka, don haka ni nake zuwa kowace kaka in yi shan iska. Lawali bai taɓa leƙowa ba. Zinari ya karɓe shi, ya zama Alhaji, ya yi gida a Gusau, ya ajiye tumbin da ko an shafa masa man gyaɗa da wuya ya wuce bakin ramin. Sababbin littattafan Sakkwato masu bango har yau muna jira. Duk salla zai aiko da shinkafa da atamfa, in karɓa in ce an gode, in miƙa wa maƙwabta. Na gaishe shi a biki, na gaishe shi a makoki. Waɗanda suka san zafin raina suna mamakin yadda na yi sanyi, ba su san ba sanyi na yi ba, jira nake.

Nakan tambayi kaina me Baba zai ce da ya ga yau. Ƙauyukan da ɗalibansa suke zuwa daga cikinsu wasu sun zama kufai, an ƙone rumbuna, mutane sun gudu Anka da Gummi da abin da kai ya iya ɗauka. Na san gidajen malamai da littattafansu suka ƙone a akwati cikin ɗaki. Namu suna inda wuta ba ta kaiwa, kuma ba su taɓa zama abin nuni ba balle a yi kwaɗayinsu. Waɗanda suka riƙa ce masa marowaci mai kulle ilimi, da zai dube su ya yi shiru, don shi ba mai gori ba ne. Ni ce mai gori. Na kuma fara ɗaukar hoton warƙoƙin da waya lokacin shan iska, ina ba masu neman karatu. Wannan da zai yi ta mita a kai, daga baya ya ce ai kwafa ce, a ci gaba.

To bana Alhaji Lawali ya natsu, in ji shi. Ya gina makaranta a bakin titin garinmu, da wani ɗaki mai tayil da akwatunan gilashi, an riga an rubuta sunansa a saman ƙofa da manyan baƙaƙe. Yana so a kwashe littattafan a jera a can, a kira manyan baƙi, a buɗe wa 'yan kallo, duniya ta san gidansu gidan ilimi ne. Ya bi dattawa ɗaya bayan ɗaya, suka amince a miƙa masa riƙo ranar sadakar Baba. Da me zan hana? Shi ne namiji, ni kuma bakina a ɗaure. Abinci ya fita raina, ina ganin warƙoƙin da suka tsira daga gobara da gara da laka za su ƙare a ƙarƙashin fitilar lantarki, a hannun wanda ya kira su takardu.

Inna ce ta tuna mini. Tana tsinkar zogale, ko kallona ba ta yi ba, ta ce, "Ke kin mance ƙaƙa a ka amsar rami? Mai amsa shi ka ɗaukar littahin hwarko da hannu biyu, ya sumbace shi, ya aza bisa kai. Mai bayarwa kuwa shi ka zaɓen littahin." Ban taɓa gaya wa Inna komai ba. Ashe ita ma duk shekarun nan jira take, ita da ta goya shi.

Ranar, bayan an yi addu'a an raba wainar sadaka, zaure ya cika. Ga Liman, tsohon abokin karatun Baba, ga wakilin mai gari, ga dattawan dangi, ga wani mai ɗaukar hoto da Alhaji ya taho da shi daga Gusau. Na sauka rami a madadin Inna na fito da farin ƙyallen nan, na durƙusa na ajiye a gabansa. Ya naɗe hannun babbar riga, ya gyara hula, ya ce wa mai hoto ya matso. Ya kwance ƙullin, sai na ga murmushin ya bushe masa a fuska.

"Yaya, mi na wanga?"

"Littahin kakanka na, Alhaji, wanda kac ce ruwan sama yaɓ ɓata. Lakar gidanku ta, ba ƙazanta ba ta. Ɗauka ka sumbata a yi hwatiha."

Ya ce a kawo wani. Na ce mai bayarwa ke zaɓe, dattawa suka gyaɗa kai. Ya miƙa hannu ya janye, ya yi tari, ya ce mura yake yi, zufa ta keto masa. Liman ya ga abin yana neman zama abin kunya, sai ya ce, "Haba Alhaji, ƙasa ta ai. Kawo in hwara, in samu albarkar Malam." Ya ɗauki dunƙulen da hannu biyu ya nufi bakinsa da shi. Allah ya sani hannuna ya tashi zan riƙe shi, amma Lawali ya riga ni. Ya zabura ya cafke hannun Liman.

"Liman, kak ka kai shi baki! Garin dutse na, akwai dalma ciki!"

Liman ya sauke hannunsa a hankali, ya dubi lakar, ya dubi Lawali.

"Ruwan sama ka zowa da dalma, Alhaji?"

Wakilin mai gari, wanda shi ma ya binne jika a shekarar gubar, ya tambayi Lawali a ina aka wanke dutse a gidan Malam bayan an hana. Sai ya faɗa, guntu-guntu, kansa a ƙasa, tun daga lungu har kwatami har jarkoki. Mai hoto bai san ya kamata ya kashe na'urarsa ba sai da Alhaji ya daka masa tsawa. Ni dai ban karya alkawari ba, da bakinsa ya faɗa. Na naɗe littafin kakana na mayar da shi inda Baba ya ajiye shi. Kafin a tashi dattawa sun yanke cewa rami ya zauna hannuna, bayana kuma wanda na ga ya cancanta, mace ko namiji.

Zan yi masa adalci guda, bai bar Liman ya sumbata ba, goyon Inna bai tafi a banza duka ba. Amma ya ga Baba watanni yana cuɗa lakar nan da hannu, bai taɓa zuwa ya ce Baffa kawo in taya ka ba. Tun daga ranar ake ta aiko mini da masu ba da baki, wai in yafe, wai ai Malam ya yafe. Malam nasa ya yafe. Ni ban yafe nawa ba, kuma ba zan yi ƙarya a jarida don a ce mini 'yar malam ba. Na ji daɗi ranar nan, daɗin da na san Baba ba zai so ba. Da zai ce, "Uwani, kin cika zahi," in ce e, ai ba wurinsa na gado ba, wurin Inna ne. In Lawali yana son yafiyata hanya ɗaya ce. Kaka na tafe, ya zo shan iska, ya cire babbar riga, ya sauka da baya a durƙushe in tumbin ya bari, ya zauna a ɓangaren gabas inda babu randa ko ɗaya, ya kira sunayen mutanen da ya shafe rubutunsu ya roƙe su gafara. Ni na haddace su, zan tuna masa wanda ya manta.

Abin da ya rage na Malam Isiyaka ba shi da yawa a ido. Buzunsa ya koɗe, babu gini da sunansa, ɗalibansa sun warwatsu. Wani sashe na abin da aka ba shi amana ya salwanta a zamaninsa, kuma ya shiga kabari da sunan tsohon da bai iya kula da indararo ba, ya ɗauki sunan da hannu biyu don ya rufa wa maraya asiri. Wannan sunan ne na wanke masa bana, Allah ya haskaka kabarinsa. Sauran randunan suna nan bisa duwatsunsu, lungu a bushe, akuya ma har yau ba a so ta shiga. Ɗakin gilashin bakin titi kuwa na wuce ta gabansa jiya a hanyata ta komawa Gummi, na sa direba ya rage gudu don in kalla da kyau. Sunan Alhaji yana nan a saman ƙofa, akwatunan suna ta ƙyalli, babu komai a cikinsu.